Allurar Da Ta Faɗi A Mitar Baturiya

Da safiyar Talata aka kai ƙara caji ofis na Haɗejia. An sace sabuwar oba-oba, wato rediyon kira da amsawa, daga siton ofishin masu lura da kogi. Da ita ake gaya wa mutanen Baturiya ruwa ya taso, su yanke shinkafa kafin ta nutse. Ruwan kuwa yana hanya.

Sufeto Shu'ibu ya isa ofishin. Injiniya Abdulwahid ya ce jiya tsakanin azahar da la'asar aka ɗauke ta, shi yana bakin kogi. Mutum biyu ya bari: Kawu maigadi, da Tukur makanikin rediyo.

Sufeto ya dubi Kawu. "Baba, ina kake lokacin?"

"Bakin ƙofa, ranka ya daɗe. Ko ƙuda bai wuce ni ba."

"Kofur ɗina ya tambayi mai shayi. Ya ce tun daga titi ake jin minsharinka."

Kawu ya sunkuyar da kai. "Na ɗan kishingiɗa ne."

Tukur ya yi dariya. "Ka ji ko, Yallaɓai? Ni ko ruwa ban fita na sha ba. Ina kan gwada tsohuwar oba-obarmu. Lafiyarta ƙalau."

Sufeto ya dubi na'urar gwajin da ke kan tebur. "Injiniya, yaya take aiki?"

"Mitocin rediyo take bi tana sharewa, allurar nan tana nuna ƙarfin kamu. Tafiyarta iri biyu ce. In ka sa ta a gudu, kafin shayi ya huce ta gama, amma tana tsallake ƙaramin lahani. In ka sa ta taki-taki, tana tsayawa a kowace mita sai ka danna ta ci gaba. Wannan yana cin azahar zuwa la'asar, kuma ba ya barin komai."

"Tukur, wanne ka yi?"

"Taki-taki mana. Shi ya sa ban motsa ba."

"To me ya hana a kira Baturiya da tsohuwar?"

Injiniya ya ce, "Na gwada da safe. Shiru."

"Iska ce," in ji Tukur. "Wani lokaci haka take yi."

Sufeto ya ja kujera ya zauna. "Sake gwajin a gabana. Fara daga kusa da mitar Baturiya. A gudu tukuna."

Allura ta wuce sumul.

"Yanzu taki-taki."

Tukur ya danna, ya sake dannawa. Da aka zo mitar Baturiya, allura ta faɗi ƙasa warwas.

"Da taki-taki ka yi jiya, da ka ga wannan lahanin," in ji Sufeto. "A gudu ka sa ta, ka gama, ka tsallake tsoho yana barci. Ina sabuwar oba-obar take?"

Tukur ya ce, "Tana tashar mota, cikin buhun dusa. Wasu 'yan fasa-ƙwauri ne suka ce suna so. Na zaci tsohuwar za ta riƙe mu, wallahi."

"Ka zata. Ba ka gwada ba."

Kofur ya ɗauko buhun a keke. Injiniya ya ciro oba-obar, ya haɗa waya, ya kira. Muryar mai garin Baturiya ta fito tar.

Injiniya ya ce, "Ruwa na zuwa, ranka ya daɗe. A shiga gona yau."

Kofur ya sa wa Tukur ankwa. Kawu ne ya buɗe musu ƙofa, idonsa biyu.