Babu Kowa a Ciki

"Sa hannu nan, da nan, da nan. Shi ke nan!"

Yaya ya turo wa ƙanwarsa Auta takardun a kan gadon Inna, ya ɗora biro a kai.

A kan gadon Inna fa...

Wata biyu da rasuwarta, har yanzu kwarmin jikinta na nan a katifar. Ƙararrawar da take kaɗawa idan tana son ruwa na rataye a jikin ƙarfen gadon.

Auta ta dubi takardun. Shafi tara, rubutu ƙanana kamar jerin tururuwa. Ita kuwa ba ta yi nisa a boko ba.

"Yaya, me aka rubuta?"

"Abin da na gaya miki mana. Za a sayar da gida, mai sayen ya yarda ki ci gaba da zama a ɗakin baya. Me kuma kike nema?"

Dillali na tsaye a bakin ƙofa yana juya makullin mota a yatsa. Ƙanin matar Yaya ne, shi ya samo mai sayen.

"Ƙanwata, lauyanmu ya gama komai. Babban mutum ne, ta waya yake aiki, ko ganinsa ba sai kin yi ba."

"Ya taɓa zuwa gidan nan?"

"Ya zo ya yi me? Auren gidan zai yi?"

Shi kaɗai ya yi dariyarsa.

Auta ta ɗauke takardun daga kan katifar, ta shafe wurin da tafin hannunta.

"Ni dai ba zan sa hannu ba sai a gaban lauyan saman kantin magani."

"Kunkuru?!" Yaya ya miƙe tsaye. "Mutumin da ke shekara a kan takarda ɗaya? Auta, kina da kunya kuwa? Kin zaci na manta ko wane ne?"

Ta sunkuyar da kai.

Ba wanda ya manta. Shekara bakwai da suka wuce, lokacin yana sabon lauya mai kwat ɗaya tal, ya zo neman aurenta. A watan ne Inna ta faɗi a bakin famfo, rabin jikinta ya shanye. Yaya na can nesa tare da iyalinsa. Wa zai juya Inna? Wa zai ba ta abinci a baki? A bakin ƙofar nan Auta ta ce masa, "Ka je ka yi aurenka, ni tawa ta ƙare."

Bai yi auren ba. Ita ma ba ta sake ɗaga kai ta dubi tagarsa ba, duk da kowane mako sai ta je kantin da ke ƙarƙashin ofishinsa sayen maganin Inna.

Amma ta san sau nawa aka canza labulen tagar.

"Ba don wannan ba ne, Yaya. Inna ta sha faɗa, idan za a taɓa gidan nan a nemi lauyan da zai tako da ƙafarsa, wanda idan ya cuce mu mun san ƙofar gidansu."

Gidan gadonsu ne su biyu. In babu hannunta babu ciniki. Yaya ya ja tsaki ya fice.

Bayan kwana uku Lauya ya zo, da jakarsa da igiyar awo. Ya ƙara jiki, furfura ta fara leƙowa a gefen kansa.

"Sannu, Malama. Allah ya jiƙan Inna."

Malama!

Kamar ya watsa mata ruwan sanyi.

Ya auna tsakar gida, ya auna katanga, ya gwada da abin da ke takardar fili. Ya buga ƙofar maƙwabci ya tambayi inda iyaka ta tsaya. Yana yi yana rubutawa, a hankali, kamar ba zai gama ba. Da ya shiga ɗakin Inna sai ya tsaya. Ya ga layukan da Auta ta yi da fensir a bango, na lokutan magani, tun daga tsayin kafaɗa har kusa da ƙasa. Ya ga tabarmar da take kwana a gindin gado.

"Har yanzu a nan kike kwana?"

"Ina zan kwana?"

Ya buɗe baki, ya rufe.

"Ka faɗa mana," ta ce.

"Muddin takardunki na kan teburina, ni lauyanki ne, Malama. Bakina ba nawa ba ne."

"In an gama fa?"

Ya naɗe igiyarsa ya fita.

Ta bi shi da ido har bakin ƙofa, a nan ƙafarta ta tsaya. Haka take yi. Inna ta tafi, amma ƙafar Auta ba ta ji labari ba. Ko kanti ta nufa, tana kai kwana sai ta ji kamar an kaɗa ƙararrawa a bayanta, ta juyo da gudu. Ta shigo ta tarar da gado babu kowa.

Gidan ya riƙe ta. Barinsa kuma tsoro yake ba ta.

Dillali bai zauna ba. Ya je ya samu mahaifiyar Lauya, ya cika mata kunne. Washegari sai ga ta, ko zama ba ta yi ba.

"Yarinya, kin ƙi shi yana da ƙuruciya, yanzu da jinya ta cinye ki kin tuna da shi? An ce da gangan kika kai masa aikin don ki ja shi. Shekara bakwai ina kawo masa 'yan mata yana kau da kai. Ki bar mini ɗa ya huta!"

"Mama, takarda kawai na kai masa..."

"Takarda! Lauyoyi sun ƙare a duniya?"

Bayan ta fita, Auta ta zauna a gindin gadon Inna ta yi kuka har kanta ya yi ciwo.

Ranar sa hannu suka hau benen su uku. Ofishin ɗaki biyu ne, fanka na kuka a sama, ƙamshin magani na tasowa daga ƙasa. Fayiloli jere a kanta, kowanne ɗaure da zare.

"Ku biyu ku ɗan jira a benci," in ji Lauya.

"Don me?" Yaya ya ce. "Ƙanwata ce!"

"Haka nake aiki. Duk mai sa hannu, shi kaɗai nake karanta masa, daga farko har ƙarshe. Kai ma zan karanta maka naka."

"Ni na iya karatu."

"Ka karanta wannan ɗin?"

Yaya ya kau da kai. Dillali ya duba agogo.

"Haba Kunkuru, mai sayen na jira a mota!"

"Ya kashe injin, kada mai ya ƙare masa."

Ya rufe ƙofa. Sakatariyarsa, wata dattijuwa mai tabarau, ta zauna a gefe a matsayin shaida.

Ya fara karantawa. Layi ɗaya da harshen takarda, sannan ya warware mata da maganar gida. Muryar nan da ta yi shekara bakwai ba ta ji da kyau ba, ga ta yau tana karanta mata tsawon katanga.

Da ya zo shafi na shida sai ya ɗan dakata.

"Sharaɗi na bakwai. Masu sayarwa za su miƙa gida cikin kwana goma sha huɗu, babu kowa a ciki, babu komai a ciki."

Auta ta ɗago.

"Ban da ɗakin baya ko?"

"Babu maganar ɗakin baya."

"Duba dai... ƙila a gaba ne."

"Na karanta sau huɗu, Malama. Babu."

Babu kowa a ciki...

Ashe ita ce kowan. Ita za a kwashe tare da katifa da tsofaffin kwanuka.

Ya tura mata biro.

"Tambaya uku nake wa kowa. Kin ji?"

"Na ji."

"Kin gane?"

"Na gane."

"Da son ranki?"

Ta dubi takardar. Hawaye ya ɗiga a kan shafin.

Ya janye biron.

"To, ba zan buga hatimi ba."

Ƙofa ta buɗe da ƙarfi. Ashe su Yaya suna laɓe.

"Wane irin iskanci ne wannan?" Dillali ya daka tsawa. "Wa ya ce za a bar ta a titi? An gyara mata wuri a gidan Yayanta! Tsohuwarmu na kwance can ba mai kula da ita, ita kuma ta saba da jinya. Ai taimakon juna ne!"



Auta ta juya a hankali.

"Yaya... wani gadon kuka samo mini?"

Ya kasa kallonta.

"Na ɗan lokaci ne, Auta. Da na gaya miki ba za ki yarda ba."

"Shekara bakwai, Yaya! Ban je bikin ƙawa ba, ban kwana da ido biyu rufe ba. Ban yi da-na-sani ba, uwata ce. Amma ko wankin zanin gadonta bai gama bushewa a raina ba, har ka yi kyauta da ni?"

Kunya ta rufe Yaya, sai ya juye ta a kan Lauya.

"Kai ne! Kai ka zuga ta! Don kana sonta ka ɓata mana ciniki!"

Lauya ya miƙe. Ya haɗa takardun, ya ɗaure da zare, ya ja kullin sosai.

"Sharaɗin ba ni na rubuta ba, karantawa kawai na yi. Amma ɗayar maganar gaskiya ce. Ina sonta. Ban taɓa dainawa ba."

Sakatariya ta cire tabarau.

"Kuma tunda na faɗa, daga yanzu ban cancanci riƙe takardunta ba."

Ya saɓi fayil ɗin ya sauka. Ta taga Auta ta ga ya tsallaka titi, ya shiga ofishin tsohuwar lauyar da ta koya masa aiki. Ya fito hannu wayam. Ya hawo benen yana haki, ya tsaya a gabanta.

"Auta."

Ta rufe fuska da mayafinta.

"Autata... yanzu bakina nawa ne."

"Ka makara," ta ce cikin kuka. "Dubi yadda na koma. Mamanka ma ta faɗa, jinya ta cinye ni."

"Ai Kunkuru ake ce mini, sanyin idona. Ban taɓa isa ko'ina da wuri ba."

Dariya ta ƙwace mata a tsakiyar kukan.

Cinikin Dillali ya rushe a ranar. Mako guda Yaya bai leƙo ba. Ran na takwas ya zo da safe, shi kaɗai, ya tsaya a ƙofar ɗakin Inna yana kallon layukan fensir.

"Duk wannan ke kika yi?"

"Kowane layi magani ne."

Ya taɓa ƙararrawar, ta yi ɗan ƙara.

"Ba don ruwa kawai take kaɗa ta ba," in ji Auta. "Duk motar da ta tsaya a waje sai ta kaɗa, in je in duba ko kai ne."

Yaya ya durƙushe a gindin gadon. Babban mutum, yana kuka kamar yaro.

"Ki yafe mini, ƙanwata. Na bar miki nauyinta, na zo kuma zan ƙara miki wani."

Ta dafa kafaɗarsa. Ta yafe masa, don Inna da tana nan abin da za ta ce ke nan.

An sayar da gidan bayan wata biyar, ga wasu ma'aurata masu yara uku. Tsohuwar lauyar ce ta karanta, ita ma layi-layi, kuma Auta ce ta zaɓi ranar fita da bakinta. An ɗaura aurenta da Lauya ana saura kwana biyu.

Ranar kwashe kaya mahaifiyar Lauya ta zo. Ta daɗe tana kallon bangon nan, sannan ta kama gefe ɗaya na katifar.

"Kama can, 'yata. Wadda ta yi wa uwarta haka, ni ce mai sa'a."

Da gidan ya zama wayam, Auta ta kwance ƙararrawar ta sa a jaka. Ta zo bakin ƙofa, ƙafarta ta tsaya kamar kullum.

Lauya na waje, ya miƙo mata hannu. Bai ja ta ba.

"Kin ji?"

"Na ji."

"Kin gane?"

"Kai dai ba ka gajiya..."

"Da son ranki?"

Ta waiwaya. Ga famfon da Inna ta faɗi, ga tagar ɗakinta a buɗe. Ta kasa kunne.

Ba a kaɗa ba.

Inna ce ta fi kowa son ganin wannan rana, ita ce kuma ba ta gani ba.

"Da son raina," ta ce.

Ta taka ta fita. Ƙararrawar na ta ɗan kaɗawa a cikin jaka har suka sha kwana, ba ta juya ba.