'Yar Gidan Alhaji Mala

"Ta fito! Amaryar Habu ta fito mu gan ta!"

Muryar Ari mawaƙi ta cika filin Samariya, dandalin matasa, jita ta yi ƙara, kalangu ya amsa, jama'a suka ɗauki shewa.

Wasila da ke zaune can baya ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ƙungiyar Samarin Tafki ke wasa, 'yan garin Gidimuni da suka haɗa gurmi da jitar lantarki har Damagaram ta rasa inda za ta sa kanta. Shekara biyu ba damina, amma yammacin nan mutane sun manta da cikinsu. Ita kuwa tun kafin ta san fuskar Habu mai gurmi take son kiɗansu a rediyon maƙwabta.

"'Yar gidan Alhaji Mala ce, a unguwar Birni!" Ari ya ƙara. "Jiya iyaye suka kai gaisuwa, an karɓa!"

An karɓa?

Kafin ta gama juya maganar, Balki da ke gabanta ta miƙe tana gyara ɗankwali. Ta waigo da murmushi.

"Zauna, 'yar daka. Ni ce 'yar gidan."

Gaskiya ta faɗa, abin haushin ke nan. Wasila 'yar ƙauyen Gaffati ce. Da gero ya ƙone a tsaye ita da iyayenta suka kwaso tabarmi suka shigo gari, suka kafa zana a bayan tasha. Daka take yi a gidan Alhaji Mala, a sallame ta da dusa. Ranar da Habu ya fara ganinta a ƙofar gidan tana sanye da tsohon zanen Balki, ya ce, "Nan ne gidanku?"

Ta ce, "Eh."

Wata uku tana tsayuwar zance a ƙofar mutane, kullum ta ce gobe za ta faɗa masa. Shi kuma bawan Allah ya tura manya ba shawara, wai zai faranta mata rai.

"Balki, don Allah..." ta riƙo bakin mayafinta. "Wasila suka ce suna nema, ko ba haka ba?"

"Na ce wa Baba sunan da ake kirana da shi a makarantar lakwal ke nan. Ki ƙaryata ni mana. Ga mikiro can, je ki yi magana kowa ya ji!"

Ta fizge, ta ratsa mutane tana yanga.

Habu ya ɗago kai yana dariya. Da ya ga mai tahowa dariyar ta tsaya, yatsunsa suka sauka daga kan tsirkiya.

"Baiwar Allah, wa kike nema?"

"Kai mana, angona."

"Ina Wasila?"

"Ga ni a gabanka. Alhaji Mala ba shi da wata budurwa sai ni."

Kiɗa ya mutu. Habu ya shiga waige-waige cikin taron, kamar yaron da uwarsa ta ɓace masa a kasuwa.

Wasila na can baya, ba wanda ya kula da ita. In ta sulale yanzu, ba mai sanin ta taɓa yin ƙarya. Manya sun riga sun ba da baki, kunya kaɗai ta isa ta ɗaura auren nan.

Ta tashi.

Ba ta san yadda ta isa gaba ba. Ari ya miƙo mikiro ta girgiza kai, amma filin ya yi tsit har na kan katanga suna jin ta.

"Ni ce Wasila."

"Sanyin idona! Me ke faruwa?" in ji Habu.

"Ƙarya na yi maka, Habu." Ta dubi idonsa. "Ba gidanmu ba ne. Daka nake musu... a ba ni dusa mu yi tuwo. Zanen nan ma nata ne."

Wani ya tuntsire da dariya. Wata tsohuwa ta ce, "Kai, rufe mana baki! Gidanku ba a cin dusar?"

Ta so ƙasa ta buɗe ta shige. Kunya ta hana ta ko share hawaye.

Kawu Tanimu, ƙanen mahaifiyar Habu, ya taso daga benci yana huci.

"Da furfurata na durƙusa a zauren mutane saboda ke! Wallahi ba na sake taka gidan kowa!"

Balki ta ja tsaki ta wuce.

Habu ya juyo wajen Wasila. Ransa ya ɓaci, ba ta buƙaci a faɗa mata ba.

"Wata uku, Wasila. Kika ɗauke ni mai auren katanga?"

"Tsoro na ji..."

"Na me?"

"Kada ka ga inda muke kwana."

Ya sauke gurmin daga kafaɗa ya miƙa wa Ari. Ya matso ya rage murya.

"Na ji zafi, ba zan ɓoye miki ba. Kawu kuma ni zan san yadda zan lallashe shi, ko zai kai ni baɗi. Yanzu faɗa mini gaskiya, ina ne?"

"Bayan tasha." Ta sunkuyar da kai. "Zana ce kawai. Ko zaure babu, balle ƙofa."

"Baba na ciki?"

"Yana ciki."

"To muje. Zan ɗaga murya in yi sallama."