Harsashin Da Ya Ƙi Shiga

Da hantsi, rana ta riga ta fara gasa jar ƙasar garin Quilpie, ɗan sanda Kofur Col Whelan ya iske dattijo Merv Tolhurst zaune a gindin tankin ruwa, karyarsa Dusty kwance gabansa ba rai. Tun rasuwar matarsa Joan ba shi da abokin hira sai ita.

"Ka ji ƙarar bindiga?" in ji Col.

"Ko tari ban ji ba. Ka san kunnena ƙalau yake."

Col ya duba ko'ina, babu kwanson harsashi. Gashin kan karyar ya ɗan babbake, alamar daga kusa aka harbe ta. Likitan dabbobi ya ciro darmar harsashin, ya ce ta gajeren harsashi ce, irin mai ƙaramar ƙara. Col ya zargi libarba, don ita ke riƙe kwansonta a ciki. A layin Merv kuwa mutum biyu ne ke da ita, duk 'yan ƙungiyar harbi.

Ya fara da Glenys Rudd, mai gidan burodi.

"Kai Col, ni da ke ba karyar nan ɓawon fanke? Ungo, duba. Kada dai ka yi mini wa'azin datti."

Bindigar ta yi baƙi ƙirin da kunkunniya. Col ya zura dogon harsashi a ramuka shidan da ake zuba harsashi, kowanne ya shige har gindi. Ya miƙa mata abarta.

Sai maƙwabcin Merv, Darryl Stace, mai kiwon kaji. Tasa sai ƙyalli take, bututun kamar madubi.

"Wane harsashi kake sa mata?"

"Dogo mana, abokina. Gajere ai na yara ne."

"Ba ka taɓa sa gajere ba?"

"Ko sau ɗaya."

Col ya zura dogon. Ya tafi, ya tafi, sai ya cije, gindinsa a waje. Ya gwada rami na biyu, haka. Na uku ma haka.

"Darryl, bututu ka wanke, ka manta ramukan," in ji Col a hankali. "Gajeren harsashi ba ya cika ramin. Duk harbi sai ya bar zoben kakin darma da toka daidai inda bakinsa ya tsaya. In ya taru, dogo ba ya wucewa. Wannan zoben ba na jiya kaɗai ba ne. Ka daɗe kana harbi a ɓoye."

Darryl ya zauna a kan bokiti.

"Dila nake harbi a bayan akurki, don kada maƙwabta su ji. Karyar kuma ta riƙa shigo mini ta ƙarƙashin wayar shinge. Na gaya wa tsohon, ya ce kewa ce ke damunta. Kewa! Kajina fa?"

Col ya karɓi bindigar da lasisin, ya ce ya biyo shi ofis.

Da la'asar ya koma wajen Merv, ya faɗa masa. Dattijon bai ɗago ba.

"Darryl ne ya ɗauki akwatin gawar Joan ta gaba," ya ce.

A gefen bishiyar mulga akwai ramin da Merv ya fara tonawa don binne Dusty ya kasa, ƙasar ta yi tauri kamar dutse. Col ya tuɓe rigar aiki, ya ɗauki diga ya ƙarasa. Da ya gama ya jingine digar a inda ya same ta, ya ja ƙofar shingen a bayansa. Merv na nan gindin tanki, yana kallon kwanon ruwan Dusty.