Harsashi Marar Ƙara

Da hantsi aka bugo wa Sufeto Zarwali waya cewa bindiga ta fashe a hannun wani a filin biki, bayan kasuwar maƙeran bindiga ta Darra. A garinmu ƙarar bindiga ba labari ba ce. Maƙeri in ya gama aiki titi yake leƙowa ya harba sama, mai shayi ko ɗaga kai ba ya yi. Amma da aka ce masa daga shagon Ustaz Gul Marjan harsasan suka fito, sai da ya nemi kujera ya zauna. Ustaz kawunsa ne, shi ya riƙe shi tun yana maraya.

A al'adarmu dangin ango ba sa ɗaukar amarya sai sun harbo abin da danginta suka kafa. Ran nan ƙwai aka ɗora a kan dutse. Nur Zaman, ƙanen ango, wanda ya fi kowa saiti, shi ya ɗauki tsohuwar bindigar mahaifinsu, doguwa ce amma harsashin ƙaramar bindiga take ci. Harbin farko ta tarwatse masa a fuska.

Sufeto ya tarar an rufe gawar da mayafi. Ya tattara ɓaraguzan ƙarfen, ya ɗauki kwalin harsasan, guda ɗaya tak aka cire daga layin gaba. Duk wanda ya tambaya magana ɗaya yake yi, wai ba su taɓa jin harsashin Ustaz ya yi irin wannan tsawar ba.

Ango, Sher Afzal, yana tsaye da jini a farar rigarsa.

"Wa ya sayo kwalin?" in ji Sufeto.

"Ni. Shekaranjiya."

"Wa ya buɗe shi?"

"A rufe yake har aka zo filin nan. Ka je ka tambayi makahon kawunka abin da ya ɗura a ciki. Bayan la'asar za mu binne Nur Zaman, kuma daga maƙabarta ba gida za mu koma ba."

Sufeto ya san ba cika baki ba ne. Gidan Haji Mirza Gul, uban angon, sun fi bindiga ɗari biyu, shi kuwa 'yan sanda bakwai gare shi, biyu ma sun tafi hutu. Ya sa aka ɗauko Ustaz aka kulle a caji ofis, don nan ne kaɗai ke da ƙofar ƙarfe.

Ustaz ya shekara arba'in yana ɗura harsasan wasan saiti. Albarushi kaɗan yake sawa, don kada bindiga ta yi tutsu, kada kuma ta wahala. Samari suna yi masa ba'a wai harsashinsa tarin akuya yake yi. Illar irin wannan ɗurin ita ce kwanson yana da sauran wuri, in mutum ya manta ya zuba sau biyu, ba zai zubo ba balle a gane.

"Kawu, idonka lafiya?"

"Garau."

"Ƙarfe nawa a agogon bangon can?"

Tsohon ya daɗe yana kallon bangon da babu agogo a jikinsa. Daga nan ya ce sha ɗaya.

Sufeto ya fita waje don kada sajensa ya ga fuskarsa. Tsoro ne ya kama shi sosai. In ya sake shi a kashe shi a hanya, in ya riƙe shi a ƙone ofishin, ga shi hujjar da ya samo da kansa kan kawun nasa ta faɗa. Ya koma ya durƙusa a bakin ƙofar, ya roƙi kawun don darajar 'yar uwarsa, mahaifiyar Sufeto, ya faɗi gaskiya. Da ƙyar tsohon ya amsa cewa rabonsa da taɓa sikeli shekara uku ke nan. 'Yarsa Zarmina ce take aikin a cikin gida. Ya gwammace a harbe shi da a ji a kasuwa cewa mace ke ɗura wa mazan Darra harsashi. Mutanenmu ke nan, a kan girman rawani sai a rasa kan gaba ɗaya.

Ana kiran azahar Sufeto ya shiga gidan Ustaz. Zarmina ba ta yi kuka ba, kwalin ta karɓa. Ta ce ɗaya-ɗaya take aunawa ta rufe, sannan ta zagaye bakin kowane da jan farce don ta san ta gama da shi. Ta fito da su gaban haske. Na baya duk zobensu ja lafiya lau. Huɗun da suka rage a layin gaba kuwa jan ya tsage, ga sawun haƙoran filaya a jikin dalmar. Ta ɗora su a sikeli, kowanne ya rinjayi 'yan uwansa.

"Yaya, wani ya cire kan nan ya ƙara albarushi ya mayar. Aikin ma na ɗan koyo."

"Akwai wanda ya nemi masu ƙarfi?"

"Ango. Sau biyu ya zo, ina jinsa ta bayan labule. Wai surukansa sun ce in da harsashin Baba za a zo, su ba sai sun toshe kunne ba. Baba ya ce bindigar Haji ta tsufa, ba za ta ɗauka ba."

Sufeto ya san maganar Zarmina ba za ta shiga zauren Haji ba, in ma ta shiga sunanta ne zai hau jerin waɗanda za a nema. Ya sa ta cire huɗun nan ta cike gurbinsu da nata. Ya biya kasuwa ya ari bindiga irin wadda ta fashe.

Zauren a cike yake, kowa da bindiga a cinya, makara tana tsakar gida. Sufeto ya yi gaisuwa, ba wanda ya ba shi wuri. Ya ajiye kwalin a gaban Haji, ya ce shi bai yarda laifin harsashi ba ne, zai harba su ɗaya bayan ɗaya da bindigar da ya aro a gaban kowa, in ta fashe jinin gidan Ustaz ya biya. In dabarar ba ta ci ba, ba shi da wata.

Ya zari ɗaya daga layin baya ya harba sama. Ɗan tari ta yi. Sher Afzal ko gezau.

Sai Haji ya miƙo hannu. "Kawo, ɗana. Ni na ba yaron bindigar. Abin da ya same shi ya same ni."

Tsohon ya zari ɗaya daga layin gaba, ya ɗura, ya kafa gindin bindigar a kafaɗa. Kafin yatsansa ya kai kan kunama Sher Afzal ya tsallake mutum biyu ya cafke bakinta.

"Baba, ba na gaba ba!"

Haji ya sauke bindigar.

"Me ke cikin na gaba?" in ji Sufeto. "Ka ce min a rufe kwalin yake."

Sher Afzal ya dubi Sufeto, ya dubi ubansa, sai ya saki bindigar ya durƙusa. A durƙushe ya faɗi komai. Biyar ya buɗe ya ƙara musu albarushi, don bikinsa ya yi amo, surukai su daina dariya. Shi ya yi niyyar fara harbi, Nur Zaman ya karɓe ya ce ango ba ya wahala ranar aurensa. Tun safe yake ihun jinin Ustaz saboda ba zai iya tsayawa gaban mahaifiyarsu da wannan maganar ba.

Saje ya sa masa ankwa. Ya roƙi alfarma ɗaya, a bar shi ya kama makarar ƙanensa ko zuwa bakin titi ne. Haji bai dube shi ba har aka fita da shi aka sa a mota.

Sufeto ya juya zai bi su, tsohon ya riƙo hannun rigarsa.

"Ka saki kawunka," ya ce. "Ka ce masa ya zo kafin la'asar. Makarar nan gefe ɗaya babu mai kamawa."