Wanda Ya Yanke Reshen Darbejiya Mai Lamba Tara

Ran Talata da safe mai shara ta tarar darbejiyar bakin layi, mai lamba tara, ba babban reshenta, yana yashe a kwata. Dokar gari kuwa, itacen da aka buga wa lamba ba a taɓa shi sai da takardar ofis. Kafin azahar layi ya gama yanke hukunci: kafintan layin ne. Har an fara raɗa cewa rumfarsa za a rufe.

Ofis ya turo jami'ar itatuwa, 'yar layin ce ma, wadda muke kira Uwar Doka don ba ta dariya in ta rungumi fayil. Ta hau tsani, ta daɗe tana duban yankan, ta sauko ta nufi rumfar kafinta.

"Malam kafinta, kai ka yanke?"

"Ranki ya daɗe, me zan yi da ɗanyen itace? Kujera mai tsiro? Kuma in yanke in bar shi a kwata?"

Ta wuce shagon tela. "An ce kullum kana mitar ganye na cika maka shago."

"Ƙanwata, ni da ko benci na hau sai jiri ya ɗebe ni? Jiya da rana ma ina kasuwa sayen zare."

"Gidan wa reshen ya fi rufewa?"

Tela ya hau laluben allurar da ke hannunsa. "Ai... naku."

Ta shiga gida. Mahaifinta, wanda ya yi shekara talatin a wannan ofis kafin ya yi ritaya, yana kishingiɗe gaban talabijin, ana nuna ƙarti biyu na kokawa.

"Baba, yau hoto tas."

"Iska ce ta lafa."

"Ko dai abin da ke bugun eriya ne ya sauka?"

Tsoho ya rage muryar talabijin.

"Baba, ɓarawo daga sama yake sara, reshe ya faɗi ya yage ɓawo. Wannan an fara tsaga shi ta ƙasa, sannan aka gama ta sama, ɓawo ko ƙwarzane babu. Aka kuma shafe ciwon da kwalta don kada ruwa ya shiga. Ofis ya daina shafa kwalta tun ina firamare. Mutum ɗaya ya rage a garin nan da ba zai iya barin itace da ciwo a buɗe ba."

Ta ƙara matsowa kusa da shi.

"Me ya hana ka neman takarda?"

"In je in bi layi gaban yaran da na koya wa riƙe zarto? Su tambaye ni dalili, in ce kokawa?" Ya cire tabarau ya rasa inda zai ajiye. "Tun safe ina jin ana zagin bawan Allahn nan ta taga, na kasa fita."

"Yanzu za ka fita. Tare za mu je rumfarsa."

Ta buɗe fayil a kan gwiwa, ta rubuta sunan ubanta. Tsoho ya leƙo ta kafaɗarta, kunya ta cika shi amma bakin bai mutu ba.

"Sashe na shida na dokar kika sa," ya ce ƙasa-ƙasa. "Wannan na ganye ne. Nawa na bakwai ne, ya fi tsanani. Gyara."