Dawar Malam Badaru

Rana na tsaka aka bugo wa Sufeto Maniru waya: mota ta buge wani tsoho a bakin titin Shagari, kusa da mararrabar Mandera.

Da ya isa, an lulluɓe gawar da zane. Malam Badaru ne, manomi, ya fito juya jar dawar da ya shanya a gefen kwalta, kamar yadda kowa ke yi da kaka. Mutanen gari sun zagaye wani direban keke napep, Mainasara, rigarsa duk jini.

"Shi ne! Mun ishe shi riƙe da tsohon!"

"Wallahi taimako na tsaya yi," in ji Mainasara. "Wata baƙar mota ce, kukanta kamar jirgi."

Sufeto ya tura shi cikin motar 'yan sanda kafin duwatsu su fara tashi. Sannan ya tsuguna kan shanyar. Sawun taya ya ratsa dawar, faɗinsa ya fi taƙi. Keke da irin wannan taya? Haba!

Amma babban ɗan mamacin ya tare shi. "Ranka shi daɗe, in kuka sake shi, mu mun san gidansu."

Maganar ta tsaya wa Sufeto a rai. In bai kawo mai laifin ba, ko dai Mainasara ya tafi kotu, ko ya faɗa hannun waɗannan mutane.

Baƙar mota mai kukan jirgi ɗaya ce a duk Bodinga, ta Alhaji Mansur dillalin albasa. Sufeto ya same shi a rumfarsa.

"Alhaji, ina motarka?"

"Tana garejin Auwal tun makon jiya. Mi ya faru?"

"Me ake gyarawa?"

Alhaji ya gyara zama, don maganar motar nan ba ta gundurarsa. Ya ce injin na da sufacaja, na'urar da ke cusa masa iska da ƙarfi. To, zafin Sakkwato ga zafin inji, iskar sai ta shiga da zafi, motar ta yi sanyin jiki da rana. Shi ne Auwal ya ce zai sauke bututun iskar ƙasa, bayan bamba, inda zai riƙa jan iska mai sanyi daga waje.

"Yau ka hau ta?"

"Ni? Tun safe ina nan, tambayi 'yan dako."

An tambaya, haka ne.

A gareji, motar na tsaye sai ƙyalli take, ƙasan wurin jiƙe sharkaf. Auwal ya taso yana goge hannu, yana murmushin da bai kai ido ba.

"Sannu da zuwa, yallaɓai."

"Yaushe motar nan ta fita?"

"Ba ta motsa ba. Yau da safe na gama ɗaura bututun."

"Motar da ba ta motsa ba, me ya kawo wanki?"

"Alhaji ba shi son datti."

Sufeto ya ɗora tafin hannu kan bonet. Da ɗumi.

"Tayar da ita na yi a tsaye, don in ji sauti," Auwal ya yi saurin cewa.

"Ina bambarta?"

"Na cire saboda aiki."

"Kawo in gani."

Auwal ya waiga hagu, ya waiga dama. Wai wani ya ara. Bamba ake ara, sai ka ce tabarma!

Sufeto ya cire hula, ya kwanta rub da ciki a cikin caɓin. Ga sabon bututu ya gangaro daga inji, a bakinsa an ɗaura matatar iska mai siffar mazurari, dab da ƙasa. Ya zura yatsa. Maiƙo.

"Me ya sa take da mai?"

"Haka ake shafa mata, don ta kama ƙura."

"Kuma ruwa ba ya taɓa ta?"

"A'a, yallaɓai, lalacewa za ta yi. Leda na ɗaura mata kafin wan..."

Ya haɗiye sauran.

"Kwance ta."

Auwal ya kwance. Sufeto ya buga matatar a kan benci. Ƙaiƙayi ya zubo, sai ƙwayoyin jar dawa suka gangaro, suna birgima har gaban takalmin Auwal.

"A garejin nan kake shanya?"

Auwal ya sulale ƙasa, ya dafe kai.

"Gwaji na fita yi, yallaɓai. Dole sai da tsakar rana, lokacin da zafi ya kai zafi, in ba haka ba ba za a gane aikin ya yi ba. Na haɗa wayata da injin tana nuna min zafin iskar. Na taka mota, lamba na sauka, na sauka. Wallahi daɗi nika ji. Ko da na ɗago kai..."

Kuka ya ci ƙarfinsa.

"Ka tsaya?"

"Na hango mai keke ya tsaya. Na ce ai ya samu mai taimako."

Ran Sufeto ya ɓaci matuƙa. Shi da kansa ya sa masa ankwa, ya miƙa shi ga kofur.

Da la'asar ya koma Mandera, Mainasara na gefensa. An dawo daga maƙabarta, ana zaman makoki. Sufeto ya durƙusa gaban babban ɗan, ya kwance ƙullin hankici, ya faɗi inda ya samo abin da ke ciki.

Mutumin ya daɗe yana kallon ƙwayoyin dawar mahaifinsa. Sannan ya matsa gefe a kan tabarma, ya ce da Mainasara, "Zauna nan. Kai ne ka riƙe shi."