Hoton Kan Auta

Dab da magariba Innarmu ta ɗauki mayafinta, ta ce za ta asibiti ta dawo. Sai daga baya muka ji abin da ya kai ta.

Autanmu ne ya faɗi a kan babur. Likitoci suka cire ɓarin ƙashin kansa ta gefen hagu saboda kumburi. Suka ɗauki hoton ƙoƙon kan a na'ura, suka ce da shi za a zana murfin da zai toshe gurbin. Kafin a gama murfin Auta ya rasu. Hoton kuma, da yardar babanmu, aka zuba shi cikin tarin hotunan da ake koya wa kwamfuta zanen irin wannan murfi. Inna ba ta yi musu ba, amma abin bai kwanta mata ba. Cewa take yi an binne mata yaro, an bar kansa a buɗe a wani wuri.

Ɗakin zanen yana ƙarshen wani dogon lungu a ƙasan bene. Warin roba mai zafi da na maganin goge ƙasa sun cika shi. Mai zanen kaɗai ya rage, yana haɗa jakarsa.

"Mama, an tashi fa."

"Ɗana, ba zan ci maka lokaci ba. Kan yarona na zo ka cire min."

Da ya gane inda ta dosa, sai ya ajiye jakar. Ya ce kafin hoto ya shiga tarin, ana goge sunan mai shi, a share fatar fuska, ƙashi kawai ake bari. "Ko nawa aka saka, Mama, ba zan gane shi ba, duk da girman nan nasa."

Ba ta yi dariya ba.

"Ni na haife shi. Ni na yi ta wanke kan nan. Nuna min."

Ya kunna mata kwamfutar. Ƙoƙon kai ya fito a allo, fari-fari, yana juyawa a hankali. Ya wuce, wani ya zo. Wani ya zo. Ba ido, ba kunne, ba wannan tabon da Auta ya samu a goshi yana rarrafe. Ta matso har numfashinta yana taɓa gilashin. Kowanne ta duba, sai ta ga kamar shi ne, sai kuma ta ga ba shi ba ne. Ashe uwa ma tana iya kasa gane ɗanta.

Sai wuta ta ɗauke.

Fanka ta yi ƙara kaɗan, ta tsaya. Lungun ya yi tsit.

Allon bai mutu ba.

"Wannan ba ta da batir," in ji mai zanen, murya ƙasa-ƙasa.

Ƙoƙon da ke allon ya daina juyawa. Sannan ya dawo baya, a hankali, har ramukan idonsa suka daidaita da fuskarta. Warin roba ya ɓace. Ƙamshin man gashin Auta ya taso.

"Inna."

Muryarsa ce. Har da ɗan jan nan da yake yi in yana son a lallashe shi.

"Inna, sanyi yana shiga kaina. Rufe min."

Ba ta san lokacin da ta miƙa hannu ba. Gilashin bai tare ta ba. Yatsunta suka shige kamar cikin ruwan randa, suka taɓa bakin ƙashi mai kaifi.

Wani abu ya riƙe mata wuyan hannu.

A nan ta lura. Gurbin da aka cire ƙashin yana gefen dama, ba hagu ba.

"Mama, janye," mai zanen ya raɗa. "Muna juya kowane hoto, hagu ya koma dama, don tarin ya ninka. Wannan juyayyen ne. Ba a taɓa haifar mai wannan kan ba."

"Inna, kada ki tafi."

Riƙon ya ƙara ƙarfi. Sanyin ya haura gwiwar hannunta.

Ta runtse ido, ta nemi tsarin Allah.

"Kai ba nawa ba ne," ta ce.

Abin ya fashe da kuka, irin kukan Auta yana ƙarami.

Mai zanen ya fizge ta. Suka faɗi tare, suka tashi, suka bi lungun da lalube. Kukan yana bin su har bakin matakala.

Mai zanen bai ƙara zama shi kaɗai a ɗakin ba. Hoton Auta yana nan cikin tarin, ba wanda ya san wanne ne. Hannun Inna na dama bai sake ɗumi ba, ko a bakin murhu. In muka kira ta daga wani ɗaki, ba ta amsawa sai ta ga fuskar mai kiran.

Yanzu muna kulle ƙofar gida da wuri, saboda sau da yawa mukan tarar da ita tsaye a bakinta, ta sa takalmi. Rannan na riƙe ta, na ce, "Inna, ke da bakinki kika ce ba shi ba ne."

"Na sani," ta ce. "Ba zan taɓa shi ba. Zan tsaya daga nesa ne kawai, ya ƙara kirana sau ɗaya."